Mai Nemo Littafin da Ake Jin Nauyin Tambaya

A ce ɗaliba ce mai koyon aikin ungozoma ta zo teburin tambaya a laburaren jami'a. Ta yi sallama, ta tsaya tana murza gefen mayafi, can ta ce, "Malam, littattafai nake nema a kan matsalolin mata." Wanda bai san aiki ba zai nuna mata kantar littattafan likitanci ya koma kan abin da yake yi. Gwani kuwa sai ya rage murya, ya jawo mata kujera, ya ce, "'Yata, na wajen haihuwa ko na zaman aure? Aikin aji ne ko kundin kammala karatu?" Tambaya uku ko huɗu, ba tare da ya tsura mata ido ba, sai maganar ta fito: so take ta san yadda matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari suke komawa shimfiɗar mazajensu, da abin da ke hana wasu komawa.

Wannan 'yar hira ita ce ƙofar sana'ar, kuma na daɗe ina ganin ba a ba ta girman da ya kamace ta. Mai neman bayani a kan noman dawa yakan faɗi buƙatarsa kai tsaye. Mai binciken sha'awa da saduwa da balaga da abin da ya dangance su kuwa, ko farfesa ne, kewaye-kewaye yake farawa da shi, domin kunya ba ta san digiri ba. Ma'aikacin laburare nagari yana karɓar kewayen yadda ya zo, ya juya shi zuwa kalmar da katalogi ya sani, mai tambaya kuma ya tashi da mutuncinsa. Ba kuma zai je ya faɗa wa kowa abin da aka tambaye shi ba. Ƙungiyar laburarori ta Amurka ta sa riƙe sirrin masu karatu cikin ƙa'idojin aikinta tun 1939, kuma a wannan fanni ne mutum yake gane dalilin.

Wahalar farko ita ce ilimin ba shi da gida ɗaya. A tsarin jera littattafai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'inmu da yawa suke bi, rayuwar jima'i da aure da iyali suna ƙarƙashin HQ. Amma yadda gaɓoɓin haihuwa suke aiki yana can QP, cututtukan mata da haihuwa suna RG, abin da ya shafi tunani da ɗabi'a yana BF, hukuncin Musulunci kuma sai an leƙa BP da KBP. A tsarin Dewey, wanda ya fito a 1876, sai an zaga 306.7 da 612.6 da 155.3 da 176. Tambayar ɗalibar nan guda ɗaya ta taɓa likitanci, ta taɓa zamantakewa, ta taɓa fiƙihu, domin macen da ke yoyo tana da tambaya a kan tsarki da salla da haƙƙin miji, kuma amsar tana babin wanka da babin aure na littattafai irin su Risala. Gwanin laburare yana riƙe da wannan taswira a ka. Shi zai ce maka ka hau bene, sannan ka sauko ka shiga ɓangaren Larabci.

Wahala ta biyu ta fi zurfi, kuma a nan gwaninta take fitowa sosai: sunaye suna sauyawa. Rahoton farko da aka buga a kan ƙanjamau ya fito ne ranar 5 ga Yuni, 1981, daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma ba za ka ga sunan cutar a cikinsa ba, domin ba a raɗa mata suna ba tukuna. Labarin wasu maza biyar ne a Los Angeles masu wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ba. Sunan AIDS sai 1982. Ƙwayar cutar ma, masu bincike na Faransa sun kira ta LAV, na Amurka sun kira ta HTLV-III, sai a 1986 aka daidaita a kan HIV. Wanda ya rubuta HIV kaɗai a akwatin nema yana iya tsallake shekarun da aka fi yin gumi a cikinsu. Haka tunjere: Italiyawa sun kira shi ciwon Faransawa, Faransawa suka mayar da martani suka kira shi ciwon Naples, sunan da likitoci ke amfani da shi yau kuma ya samo asali ne daga wata waƙar Latin da likita Fracastoro ya wallafa a 1530. Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa gaba ɗaya sun shafe ƙarnoni ana kiransu da sunan da aka ciro daga Benus, gunkiyar soyayya ta Rumawa, kafin a sauya. Duk zamani da kalmarsa, kuma tsohon littafi yana nan kwance ƙarƙashin tsohuwar kalma.

Ga kuma wani tarko da Turanci ya ɗana. Kalmar nan mai harafi uku da suke nufin jima'i da ita, ita ce dai suke nufin jinsi da ita, wato namiji ko mace. Ka zuba ta a PubMed, rumbun neman maƙalolin likitanci, sai dubban maƙaloli su rufto maka, har da masu kwatanta hantar ɓera namiji da ta macensa. Maganin wannan shi ne ƙayyadaddun kalmomi. Laburaren likitanci na ƙasar Amurka yana da nasa jerin, MeSH, tun 1960, inda aka ware kan magana guda don halayyar jima'i, wani daban don bambancin jinsi, kuma ana liƙa wa maƙala kalmar da ta dace da abin da ke cikinta ko da marubucin ya yi amfani da wata. PsycINFO na masana halayyar ɗan Adam yana da nasa jerin dabam. Gwani yakan fara da buɗe jerin kafin ya nemi komai. Zai tara duk sunayen abu guda a rukuni ɗaya, tsoho da sabo, ya tara na abu na biyu a wani rukunin, sannan ya umarci kwamfuta ta kawo inda rukunan suka haɗu kawai. Na sha ganin sakamako dubu ashirin ya tsuke ya koma maƙaloli arba'in da mutum zai iya karantawa cikin mako.

Ba haka kawai aka wayi gari da wannan sauƙi ba. Manyan laburarorin Turai da Amurka sun daɗe suna kulle irin waɗannan littattafai. Gidan tarihi na Birtaniya yana da akwatinsa na keɓe tun ƙarni na 19, kuma littattafan cikinsa ba su shiga babban katalogi ba sai a shekarun 1960. Littafin da ba ya cikin katalogi kuwa tamkar babu shi ne, don ba ka iya neman abin da ba ka san yana nan ba. Laburaren ƙasa na Faransa ya kira nasa sashen Jahannama, kuma mawaƙi Apollinaire da abokansa biyu ne suka fitar da jerin abin da ke ciki a 1913. Bodleian na Oxford ya yi wa nasa alama da harafin Girkanci Phi tun 1882. Laburaren Majalisar Amurka ya yi amfani da harafin Delta har zuwa 1964. Ba na cewa masu kullewar ba su da hujja ko kaɗan: akwai batsa tsagwaronta a ciki, akwai kuma ɓarayi da masu yage shafi. Amma littattafan likitanci da na koyar da ma'aurata sun sha shiga kurkukun tare da su, likita da malami suka rasa abin aiki.

A Jamus abin ya wuce kulle. Likita Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar nazarin jima'i a Barlin a 1919, da laburare mai dubban littattafai da hotuna da takardun marasa lafiya. Ranar 6 ga Mayu, 1933, ɗalibai 'yan Nazi suka fasa ta, bayan kwana huɗu aka cinna wa littattafan wuta a dandalin gidan opera. Hirschfeld yana ƙasar waje a lokacin, bai sake komawa gida ba, ya rasu a Nice a 1935. Har yau masu bincike suna bin sawun abin da ya tsira, a hannun magada da kasuwar tsofaffin littattafai.

Wanda yake son ganin sana'ar a cikakkiyar siffarta sai ya dubi garin Bloomington a jihar Indiana. Alfred Kinsey masanin ƙwari ne, ya shafe shekaru yana tara wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro har miliyoyi, yana aunawa yana jerawa. A 1938 ya fara koyar da darasin aure a jami'ar garin, ɗalibai suka riƙa yi masa tambayoyin da bai sami amsarsu a littafi ba. Da wannan hali nasa na mai tarawa ya juya kan mutane da takardu. An kafa cibiyarsa a 1947, littafinsa a kan maza ya fito a 1948, na mata a 1953, kuma shi da abokan aikinsa sun yi hira da mutane wajen 18,000. Ma'aikaciyar laburarensa ta farko, Jeannette Howard Foster, tana da digirin digirgir a ilimin laburare daga Jami'ar Chicago, ta yi aiki a wurin daga 1948 zuwa 1952. Kwastan na Amurka sun riƙa kama kayan da ake aiko wa cibiyar daga waje suna cewa batsa ne, aka je kotu, a 1957 alƙali Edmund Palmieri ya yanke cewa kayan da masana kaɗai za su gani don bincike ba su shiga wannan haramci ba. Kinsey bai ga hukuncin ba, ya rasu a 1956.

Abin da ya fi burge ni a tarihin wurin ba shari'ar ba ce. Ma'aikatan sun tarar kalmomin katalogin da kowa ke amfani da su ba su isa ba: wasu sun yi faɗi da yawa, wasu zagi ne aka sa wa rigar ilimi, abubuwa da yawa kuma ba su da suna sam. Sai suka zauna suka gina nasu ƙamus na kan magana, kalma bayan kalma, wannan ƙarƙashin wancan, wannan ka duba wancan. An buga shi a 1976, JoAnn Brooks da Helen Hofer ne suka tsara shi. Aiki ne marar amo, irin na mai saƙa, ba a kiran mai shi a rediyo. Amma da shi ne mai bincike yake shiga tarin da ya haɗa littattafai da mujallu da fina-finai da wasiƙu ya fito da abin da yake nema.

Samowa rabin aiki ne, saura aunawa. Gwanin laburare zai miƙa maka Kinsey, sannan ya ɗora maka a kai rahoton da masana ƙididdiga uku, Cochran da Mosteller da Tukey, suka fitar a 1954, inda suka nuna cewa mutanen da aka yi hira da su ba a zaɓo su ta hanyar da za su wakilci ƙasa ba. Masu sa kai ne, kuma fursunoni sun yi yawa a cikin mazan. Zai ce ka gwada da binciken Jami'ar Chicago na 1992, wanda ya zaɓo mutane 3,432 bisa ƙa'idar ƙididdiga. A wannan fanni mutane sukan ƙara gishiri ko su rage idan an tambaye su, don haka tambayar "wa aka tambaya, wa ya yi tambayar, a gaban wa" ta fi adadin da aka buga muhimmanci. Zai kuma koya maka bin sawu gaba da baya: ka duba waɗanda maƙala ta ambata, sannan ka duba waɗanda suka ambace ta daga baya, dabarar da Eugene Garfield ya gina mata kundi a 1964. Maƙala ɗaya mai kyau a Archives of Sexual Behavior, wadda ake bugawa tun 1971, tana iya buɗe maka zuriyarta kaf.

Mu koma ga ɗalibarmu. Malamin ya buɗe mata PubMed, wanda kyauta ne ga duk mai intanet, ya haɗa sunan likitanci na yoyon fitsari da kan maganar halayyar jima'i. Inda mujalla ta nemi kuɗi, ya bi ta Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ya leƙa AJOL, inda mujallun Afirka suke, ya nuna mata rahotannin binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2008 da 2013 da 2018, masu ɗauke da shekarun aure da na haihuwar fari jiha-jiha. Ya tura ta ɗakin kundayen digiri, inda ayyukan da ba a taɓa bugawa ba suke jere cikin baƙin bango.

Sannan ya ce mata, "Rubuta gishiri."

Ta ɗago kai. Ya ce ta rubuta haka nan da Hausa. Likitocin da suka yi aiki a ƙasar Hausa ba su sami kalmar Turanci da za ta maye yankan gishiri ba, sai suka bar shi da sunansa a mujallun duniya. Daga wannan kalma guda, da bin sawun maƙalolin da ta kawo, ta isa ga aikin likita Tahzib na 1983, wanda ya nazarci mata fiye da 1,400 masu yoyo a asibitin koyarwa na Zariya, da rubuce-rubucen Kees Waaldijk da ya shafe shekaru yana ɗinke mata a Babbar Ruga ta Katsina. Ta cika shafi biyu da lambobin kanta da sunayen mujallu. Malamin ya yago 'yar takarda ya rubuta mata RG da HQ da KBP, ya ce ta fara da na sama, idan ta gama ta dawo ranar Laraba da safe, lokacin da ɗakin bai cika ba.