Rabin Farfela a Ruwa: Nazari kan Tseren Ƙananan Jiragen Ruwa Masu Batir

A gefen birnin Los Anjelas na Amurka akwai wani tafki da ake kira Legg Lake. Ba shi da girman a zo a gani, amma sunansa sananne ne a bakin masu ƙera ƙananan jiragen ruwa na tsere. Sukan yi sammako su isa bakin ruwa tun iska ba ta motsa ba, don su tarar da tafkin a kwance lumui. Jirgin da mutum zai sauko da shi daga mota bai wuce kamu biyu ba, a hammata ma sai ya rungumo shi. Filin awon gudu ƙafa 330 ne, kimanin mita 100. Jirgi zai bi shi ya je, ya bi shi ya dawo, sannan a ɗauki tsaka-tsakin gudun biyu, don kada iska ta taimaki wani ta cuci wani. Jiragen da ke kan gaba a wannan fage sun daɗe da wuce kilomita 200 a awa, wato ba sa cika daƙiƙa biyu a cikin filin. Mai riƙe da rimot yana tsaye a gaɓa, abin da ido ke kamawa kawai farin feshin ruwa ne da ya miƙe a bayan jirgin.

Wanda ya hango daga nesa zai ce wasan yara ne da manya suka ƙwace. Wanda ya matso kusa kuma yakan yi wani kuskuren daban, ya ɗauka duk sirrin yana ga ƙarfin inji da girman batir. A gaskiya ƙarfi shi ne abu mafi sauƙin samu a wannan sana'a, tunda a kanti ake sayar da shi. Abin da ba a saye shi ne iya saiti, kuma a kansa ne wasan ya tsayu.

Al'adar ta girmi rediyon da ake sarrafa ta da shi. A shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan jirgin ruwa mai batir da yake juyawa ba tare da waya ba a zauren Madison Square Garden na Niyok, amma an ɗauki shekaru masu yawa kafin irin wannan na'ura ta shiga hannun talaka. Kafin nan, a tafkin Victoria Park na Landan, inda aka kafa ƙungiyar masu ƙananan jiragen tururi tun 1904, igiya ake ɗaura wa jirgi a wani turke a tsakiyar ruwa, ya yi ta zagaye kamar doki a turke. Ƙungiyar MPBA ta Ingila ta zo a 1924, IMPBA ta Amurka a 1949, sai NAVIGA mai shirya gasar duniya a 1959. A duk tsawon wannan zamani injin tururi, sannan injin mai, su ne sarakai. Jirgi mai batir kuwa, batiransa na nikel nauyi gare su, kowanne bolt 1.2 kacal yake bayarwa, injinsa kuma mai burushin gawayi ne da ke cinyewa. Abubuwa uku suka juya lamarin: maganaɗisun niyodimiyom mai tsananin ƙarfi da aka samar a shekarun 1980, injin lantarki marar burushi, da batirin litiyom, ɗan'uwan wanda ke cikin wayar hannu, wanda ya mamaye fagen a shekarun 2000.

Babban abokin gabar jirgin tsere shi ne ruwan da yake tafiya a kai. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Kwalekwale ture ruwa yake yi da ƙirjinsa, shi ya sa komai ƙarfin mai tuƙi akwai inda gudunsa ke tsayawa. Jirgin tsere hawa kan ruwan yake yi ya zame, kuma iya ƙanƙantar wurin da ya jiƙe a jikinsa, iya gudunsa. Duk siffofin da ake ƙerawa amsa ce ga wannan matsala guda. Akwai mai ciki ɗaya, wanda ƙasansa ya yi tsini kamar bakin garma. Shi ya fi jure igiyar ruwa, kuma akan bar masa wani ɗaki a gefe guda da ke cika da ruwa idan ya kife, nauyin ya mirgino da shi ya ci gaba da tsere. Akwai mai ciki biyu da rami a tsakani, inda iska ke shiga ta ɗaga shi. Sai wanda ya fi su duka gudu, siririn akwati mai ƙafafu biyu a gaba da aka riƙe da sanduna, kamar gizo-gizon ruwa. Idan ya kai ganiyar gudu, wurare uku kawai ke taɓa ruwa: ƙarshen ƙafafun nan biyu da farfela.

Dabarar daga manyan jirage aka gado ta. A watan Yunin 1950 jirgin Slo-mo-shun IV ya yi gudun mil 160 a awa a tafkin Washington da ke Siyatil, yana tafe rabin farfelarsa a waje, ita ce ma ke ɗauke da bayansa. Haɗarin dabarar ma gado ne. Ranar 4 ga Janairun 1967 iska ta shiga ƙarƙashin Bluebird K7 a tafkin Coniston na Ingila, hancinsa ya tashi sama, ya wuntsila, Donald Campbell ya rasa ransa. Abin da ya faru da shi shi ne ke faruwa da ɗan jirgin da aka sassauta wa hanci fiye da kima, sai dai a nan katako da gam ake asara. Mai saiti kullum a tsakanin abu biyu yake: ya danne jirgi ya manne da ruwa gudu ya mutu, ko ya sake shi ya zama tsuntsu.

Lissafin wuta ba shi da wuya. Kowane ɗan batirin litiyom bolt 3.7 ne, ya kai 4.2 idan ya cika, kuma idan aka zuƙe shi ƙasa da 3 ya fara lalacewa. A Amurka da yawan batiran ake raba aji: ajin P guda huɗu ne a jere, Q shida, S takwas, T goma. A jikin kowane inji ana rubuta yawan juyin da yake yi a minti kan kowane bolt. Inji mai lamba 2,000 a kan batira huɗu, bolt 14.8 ke nan, zai juya kusan sau 29,600 a minti idan ba a ɗora masa komai ba, ya sauko wajen 25,000 idan farfela ta kama ruwa. Irin wannan jirgi yakan ja amfiya 100 ko fiye, ƙarfin dawakai biyu a cikin inji da bai fi gwangwanin tumatir ba. Batir mai ɗaukar amfiya biyar na awa guda minti uku zai yi a haka ya ƙare. Zafin da ke fita kuwa da ruwan tafkin ake kashe shi: ɗan rami a jikin wuƙar sitiyari yana kamfatar ruwa, siririn tiyo ya zagaya da shi jikin inji da na'urar raba wuta, ya tsartar a gefe. Gogaggen mai tuƙi yakan saci kallon wannan tsartuwa duk sanda jirgi ya gifta ta gabansa, don in ta ɗauke, an kusa jin ƙauri.

Amma inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne farfela. Kamfanin Octura na Amurka yana da wata da ake kira X445, kuma lambar bayani ce: faɗinta milimita 45, murɗinta kuma ya ninka faɗin sau 1.4, wato duk juyi ɗaya ya kamata ta ci milimita 63. A juyi 25,000 a minti, lissafin takarda zai ba da kusan kilomita 95 a awa. Ruwa ba katako ba ne, farfela na sulɓewa a cikinsa, sai kashi 20 ko 25 cikin ɗari ya zube, a tashi da saba'in da 'yan kai. Ɗan koyo da ya ga haka sai ya ce bari ya ƙara girman farfela, ya sa mai milimita 47. Milimita biyu kacal, amma nauyin da ta ɗora wa inji ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafin da ke cikin wayoyi kuma ya ƙaru da rabi, domin shi zafi ninkin-ba-ninkin yake hawa idan wuta ta ƙaru. A nan ne na'urori da yawa suke ƙonewa, maganaɗisu ya yi sanyin gwiwa, mai jirgi ya ɗora laifi a kan kamfani.

Farfelar ƙarfe ba a shirye take zuwa ba. Bakinta a dakushe yake, kunnuwanta ba nauyi ɗaya ba. Sai an zauna da magagari da samfefa an wasa ta daga baya, ana yi ana ɗora ta a kan ma'auni har kunne ɗaya ya daina rinjayar ɗaya. Aikin maƙera ne sosai, yakan ci yini a kan abin da bai fi kwabo ba. Da yawansu kuma da tagulla mai haɗin beriliyom ake zuba su, ƙurarsa guba ce ga huhu, don haka a jiƙe ake gogawa, da takunkumi a hanci. Dakusasshiyar farfela takan taka ruwa ta ja bayan jirgi gefe. Ko wasassa ma ba ta rabuwa da halinta gaba ɗaya: yawancinsu hagu suke juyawa in an dube su ta baya, sai jikin jirgi ya karkata dama. Wannan ne dalilin da ya sa yawanci zagayen tsere yake bin hannun agogo, kuma ake dasa wata wuƙa a gefen dama da ke kama ruwa a kwana.

Sauran saitin duk da milimita ake yinsa. A jirgi mai ciki ɗaya, cibiyar nauyi takan zauna wajen kashi 30 cikin ɗari na tsawonsa daga baya, kuma da matsar da batir gaba ko baya ake nemo ta. Mariƙin farfela in an ɗaga shi kaɗan ko an karkata shi, tafiyar jirgi ta sauya. Kebur mai lanƙwasa da ke kai juyi daga inji zuwa farfela yakan tsuke idan ya ɗauki nauyi, saboda haka sai an bar masa 'yar tazara, a kuma zare shi a shafa masa giris bayan kowane yini. Jikin da aka yi da zaren kabon yana tare saƙon rediyo, dole eriya ta leƙo waje. Ƙa'idar masu abin ita ce a sauya abu ɗaya tak, a yi gudun minti guda, a dawo a auna zafi, a rubuta.

Ta fuskar gasa, hanyoyi biyu ne suka yi fice, kuma ba darajarsu ɗaya ba. A Amurka zagaye shida ake yi, mil ɗaya cif, cikin abin da bai kai minti biyu ba; tsere ne na zafin nama, kowa ya saki wuta iya ƙarfinsa. A gasar NAVIGA kuwa, a azuzuwan Eco da Mono da Hydro, minti shida ake bayarwa, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Da farko nauyin batir aka ƙayyade, sai abin ya koma gasar aljihu: mai hali ya sayi zaɓaɓɓun batira, ya tatse su har su kumbura, ya jefar ya sayi wasu. Daga baya aka shigo da wata 'yar na'ura mai ƙidaya wutar da jirgi ya sha, da ya cinye rabonsa sai ta rage masa gudu. Wannan doka ita ce mafi adalci da wasan ya samu. Tunda kowa mudu ɗaya aka auna masa, nasara ta koma hannun wanda jirginsa ya fi sulɓi, farfelarsa ta fi dacewa, kuma ya iya bin kwana a matse ba tare da ya taka alama ba. Gudun miƙe na Legg Lake yana da kwarjini, ya kuma koya wa kowa abubuwa da yawa game da farfela, amma jirgin da aka gina don daƙiƙa biyu bai faɗi komai game da juriya ba.

Sai batun jiragen da ake sayarwa a haɗe. Kamfanoni irin su Traxxas da Pro Boat sun sa mutum zai buɗe kwali da safe, da rana ya kama gudun kilomita 80 a awa, abin da a da sai an shekara ana fama. Sun buɗe ƙofa, wannan ba a musu. Illar ita ce gudun yana riga sani isowa. Mai sabon jirgi bai san dalilin manne murfi da salatif ba, bai san a cusa soso a ciki don kada ya nutse ba, bai san batirin litiyom da ya huje ko ya wuce caji yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa ba. Mafi muni shi ne jirgi ya mutu a tsakiyar tafki mai shi ya tuɓe ya faɗa ruwa. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, shi ya sa ƙungiyoyin tsere suke ajiye kwalekwalen ɗauko jirage da rigar hana nutsewa, kuma ba a shiga sai an tsayar da gudu.

Duk mai sha'awar shiga wannan fage, ya fara da jirgi mai ciki ɗaya da batira biyu, ya sayi ma'aunin zafi kafin ya sayi babbar farfela, ya ajiye littafin rubuta abin da ya sauya, kuma ya nemi ruwan da babu masu wanka ko masunta a cikinsa. Idan jirgi ya tsaya a tsakiya, ya jira iska ta koro shi gaɓa ko ya nemi kwalekwale, kada ya bi shi da iyo.