Allon Jifsam Ba Ya Maganin Bangon Da Ya Tsage

Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, kuma har yau akwai gidaje a unguwar nan da kakanninmu suka gina da laka, suka sauki fataken goro da na shanu a cikinsu. Shekaru sun ja, yaɓen bangayen ya fara zuba. Abin da ya dame mu shi ne irin gyaran da ake yayi yanzu: a kira kafinta ya kafa katako a jikin bango, ya liƙa allon jifsam, a shafa fenti, shi ke nan wai an gyara gida. Cikin kwana uku ɗaki ya koma kamar otal, mai gida ya ƙara kuɗin haya.

Mu fa ba mu ce allon ba shi da amfani ba. Jifsam ne, dangin abin da ake yin POP da shi, aka matse tsakanin takardu biyu. Ba shi da nauyi, ana aikinsa da sauri, kuma ba ya saurin kama wuta. In silin za a yi, ko za a raba shago biyu a bene inda babu laima, to ya yi daidai.

Matsalar ita ce ruwa. A nan damina tana kai wata bakwai, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ba irin ta gida Arewa ba. Tsofaffin gidajenmu kuma yawancinsu ba a sa musu abin tare danshi a tushe ba, don haka laima tana hawowa daga ƙasa ta bi jikin bango. Allon jifsam yana shan ruwa, ya yi laushi, takardar bayansa ta yi fumfuna. Gara kuwa takarda da katako su ne abincinta. Ratar da aka bari tsakanin allo da bango ta zama ɗakin ɓera da kyankyaso. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɓoye tsaga. Bangon laka ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi: tsaga ta buɗe, yaɓe ya kumbura, ƙasa ta riƙa zubowa. Wanda ya rufe bango da allo ya rufe idonsa daga wannan gargaɗin, alhali iyalin wani na kwana a gindinsa. Hakkin ɗan haya ne ya ga halin da bangon da yake kwana a ƙarƙashinsa ke ciki.

To yaya ya kamata a yi? A fara da hanyar ruwa: kwanon da ke yoyo, indararon da ke zuba a gindin bango, kwatar da ta toshe. In ba a gyara waɗannan ba, duk abin da aka shafa asarar kuɗi ne. Sannan a bi bango ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, yaɓe ya rabu da gini, sai a kankare wurin kaɗai a sake shi. Inda ya yi tauri a ƙyale shi. Siririn tsaga kamar gashi a cike shi kawai. Amma tsagar da yatsa ke shiga, ko wadda ke ƙara faɗi, ko bangon da ya karkata, wannan sai magini gwani ko injiniya ya duba, don wataƙila tushe ne ya motsa. Irin wannan bangon rushe shi a sake gini da bulo shi ne gaskiya, ko da aljihu zai ji jiki.

Muna da magana da birkilolinmu ma. Bangon bulo yana son filastar siminti, kuma a riƙa ba ta ruwa kamar mako guda don kada ta tsattsage. Bangon laka kuwa, in aka lafta masa siminti mai ƙarfi, danshi ya rasa hanyar fita, lakar ta ruɓe daga ciki, wata rana filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya. Shi ya sa magina na da suke shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Yau ma yaɓen laka ko na farar ƙasa da yashi ya fi dacewa da shi, don yana barin bango ya sha iska ya bushe.

Gyaran yaɓe yana da ƙura, yana cin lokaci, wani lokacin sai 'yan haya sun kwashe kaya na mako biyu. Duk da haka yana daɗewa, kuma yana riƙe ƙusa da kanta, abin da allo ba ya yi sai an nemi wurin katako.

Kiranmu ga masu gidaje da magada shi ne a duba bango kafin rani ya wuce. 'Yan haya kuma, in kun shiga ɗaki mai sheƙi a tsohon gida, ku ƙwanƙwasa bango, ku tambayi abin da ke bayansa kafin ku biya kuɗin shekara. Allah ya tsare mu da iyalanmu.