Karkata a Hoton Fili: Yaushe Take Zama Laifi?

Ɗauki hoton tafki da wayarka, ka bar shi ya ɗan karkace ko da digiri biyu ne. Duk wanda ka nuna wa zai ji wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne. Tun muna yara ido ya koya daga randa da ƙwarya cewa ruwa ba ya kwanciya a karkace. Daga nan masu hoton fili da daji suka samo dokarsu ta farko: layin da sama ta haɗu da ƙasa ya kwanta lebur, kamar yadda magini ke son harsashinsa.

A kan ruwa, wannan doka ba ta da ja. Bajafanen nan Hiroshi Sugimoto, tun 1980 yake yawo yana ɗaukar tekunan duniya, rabi ruwa rabi sama, layin a tsakiya cif. Da zai karkata kaɗan, da aikin ya rushe, don ban da layin nan babu komai a hoton. Sai dai akwai tarko. Gaɓar tafki ta wancan ƙetare tana iya lanƙwasawa ta nufo ka, sai ta yi kamar ta karkace alhali kyamararka daidai take. Masu gwaninta kan duba inuwar itace a cikin ruwa: kan itacen da kan inuwarsa dole su faɗa kan layi ɗaya a tsaye. In sun saɓa, hannunka ne ya kauce.

Batun abin da ke tsaye shi ne mai wuyar sha'ani. Da zarar ka ɗaga kyamara sama don ka kamo kan gini, gefunansa za su matse zuwa sama, ginin ya yi kamar zai faɗi ta baya. Dalilin shi ne bayan kyamarar ya daina fuskantar bangon kai tsaye. Masu hoto na zamanin da, irin su Ansel Adams a Amurka, suna da babbar kyamara mai jiki kamar zugazugin maƙeri, wadda ake ɗaga gilashinta sama ba tare da an karkata bayanta ba. Da irinta ne Bernd da Hilla Becher suka shafe shekaru a Jamus, tun 1959, suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen ma'adinai, kowanne a miƙe kamar soja a fareti. Yau kuwa manhaja irin Lightroom za ta miƙe maka gini da dannawa ɗaya.

A nan ne nake da magana. Manhajar ta ɗauka kowane bango a tsaye yake sak, kamar na gine-ginen siminti da ƙarfe. To, ginin ƙasa fa? Maginin Hausa yakan kauri bango daga ƙasa ya riƙa siranta shi yana hawa, don haka ginin ke iya ɗaukar nauyin kansa. Dubi hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda ke tsukewa zuwa sama da itatuwanta a soke ta kowane gefe. Wanda ya sa na'ura ta “gyara” gefunanta har suka yi daidai da juna, ya mai da ita akwati, ya yi wa magina ƙarya da sunan ƙwarewa. Hatta a dogon benen zamani ma, in aka miƙe shi ƙwarai, sai kansa ya yi kamar ya fi gindinsa faɗi; shi ya sa tsofaffin hannu kan bar ɗan matsewa kaɗan, yadda ido ya saba gani.

Akwai masu karkatarwa da gangan, kamar a fim ɗin The Third Man na 1949, amma su sukan karkata sosai har kowa ya san nufi ne. Ƙaramar karkata ce ke tona asirin sakaci.

Saboda haka, mai karatu, kunna layukan raga da ke cikin kyamarar wayarka, ka daidaita ruwa da su. In kuwa gaban ginin ƙasa kake, ja da baya, ka riƙe wayar a tsaye, ka auna da turken wutar lantarki ko mutumin da ke tsaye kusa, ka bar bangon yadda maginin ya bar shi.