Kunya a Tsakanin Ƙagaggen Labari da Fim: Nazari a Kan Ƙorafin Masu Karatu

1.0 Gabatarwa

Duk inda masu karatun ƙagaggun labarai suka haɗu, ko a birnin Kano ko a garuruwan kudancinta irin su Rano da Kibiya da Fammar, da wuya a tashi hira ba a ji wani ya ce fim ɗin littafi kaza bai kai littafin ba. Manazarta sun saba ɗaukar wannan ƙorafi a matsayin son ran mai karatu kawai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙorafin yana da tushe a cikin al'ada, kuma tushen nan shi ne kunya, wadda take yi wa marubuci sassauci, ta ƙuntata wa mai shirya fim.

2.0 Waiwaye

Mayar da littafi fim ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Wannan aiki bai gamu da matsalar da muke magana a kanta ba, domin jigon littafin bauta ne da neman ilmi da ƙaunar uwa ga ɗanta, abubuwan da za a iya nunawa a gaban kowa.

Al'amarin ya sauya bayan fitowar Turmin Danya a 1990, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje. Marubutan da Ibrahim Malumfashi ya kira ayyukansu adabin kasuwar Kano su ne suka ba sabuwar sana'ar labarai da yawa, wasunsu ma suka rungume ta da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka buga a 1990, ya fito a bidiyo a 1998. Waɗannan labarai kuwa na soyayya ne da aure da kishi, wato na cikin gida.

3.0 Inda Ake Karatu da Inda Ake Kallo

Littafi abokin kaɗaici ne. Matar da take cikin kulle a gari irin Fammar takan samu littafi ta hanyar aro ko haya, ta karanta shi a ɗakinta ba mai ganin fuskarta, ta miƙa wa maƙwabciya. Fim kuwa akan taru ne a kalle shi, ga yara, ga ƙannen miji, wani lokaci har da suruka. Saboda haka abin da alƙalami ya faɗa a jimla guda, mai karatu ya wuce shi ba tare da ya sunkuyar da kai ba, idan kyamara ta nuna shi sai ya zama abin kunya a tsakar gida. Daɗin daɗawa, tauraron littafi ba shi da dangi a gari, amma 'yar wasan da ta fito a matsayinsa tana da iyaye da unguwa.

Alhaki Kuykuyo Ne ya isa misali. Littafin ya kawo labarin Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda Alhaji Abdu ya saka bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta, har ranar da gobara ta cinye dukiyarsa aka matsa mata ta koma. Ƙarfin littafin yana cikin abin da Rabi take haɗiyewa, wanda marubuciyar take buɗe wa mai karatu shi kaɗai. Da fim ɗin ya fito, muhawarar da ta fi tashi a Kano ta tsaya ne a kan yadda aka nuna zaman miji da mata. Tambayar da littafin ya ɗora a kan haƙƙin matar da aka wulakanta sai ta koma gefe.

Haka kuma a In Da So Da Ƙauna, faɗawar Sumayya rijiya don gudun auren Abdulƙadir tana zuwa ne bayan mai karatu ya daɗe yana bin saƙar zucinta game da Muhammad. Kyamara tana iya nuna rijiyar, amma saƙar zuci sai ta nemo mata wata kafa. A nan ne waƙa, wadda aka aro tsarinta daga finafinan Indiya, ta samu gurbi a finafinan soyayya na Hausa: abin da kunya ta hana masoya su faɗa baki da baki, ko su nuna da taɓa juna, sai a rera shi. Kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 ya mayar da wani sashe na wannan kunya doka rubutacciya.

4.0 Kammalawa

Idan mai karatu ya ce fim bai kai littafi ba, galibi yana nufin an rasa sirrin da ke tsakaninsa da tauraro. Bai kamata mai nazari ya tsaya ga ƙidayar fitowar da aka cire ko aka ƙara ba. Abin tambaya shi ne: wace dabara mai shirya fim ya samo don isar da zuci ba tare da ya keta kunyar masu kallo ba? Amsar wannan tambaya tana bakin matan da suka karanci littattafan nan a shekarun 1990, suka kuma kalli finafinansu. Yawancin binciken da aka yi ya tsaya ne a birni, don haka ya dace ɗaliban manyan digiri su fita zuwa Rano da Kibiya da Fammar su tattara ra'ayoyinsu tun ana iya samunsu.