Kyamarar da Ke Kwana a Gindin Roka

Duk hoton da ka taɓa gani na roka tana tashi, wanda aka ɗauka daga kusa har kana iya ƙirga bakunan injinanta, babu mutum a bayan kyamarar da ta ɗauke shi. Ba a barin kowa ya tsaya a wurin, wanda ya tsaya kuwa ba zai ba da labari ba. A Cibiyar Kennedy da ke Fulorida, filin da aka ware wa 'yan jarida yana da nisan kimanin kilomita 5 daga dandamalin harbawa. Daga can roka takan ɗaga shiru, sai bayan kusan sakan 15 rugugin ya iso yana dukan ƙirji.

Saboda haka masu wannan sana'a suke aiki irin na mai ɗana tarko. Ana gobe harbawa sai a kwashe su a mota a kai su kusa da dandamalin, a ba su ɗan lokaci. Kowa ya kafa ƙafafun kyamararsa, ya buga turaku ya ɗaure su tamau, ya saita nisa da hannu ya manne gilashin da salatif don kada girgiza ta gusar da shi. Ya lulluɓe jikin kyamarar da leda ko akwatin roba saboda raɓa da ruwan sama, ya haɗa ta da wata 'yar na'ura mai jin ƙara, wadda ke danna maɓalli da zarar ƙarar ta kai wani mizani. Sai ya tafi ya bar ta ta kwana. Abu mafi wuya shi ne haske, domin yau zai yi kirdadon hasken gobe. Wutar roka ta fi komai a wurin haske nesa ba kusa ba. In ya buɗe idon kyamara don jikin rokar ya fito, wutar takan zama farin dunƙule marar fasali. In ya tsuke shi don a ga zaren wutar da launukanta, rana tsaka sai ta koma kamar almuru. Ga ɗage harbawa da kan cinye batir, ga tsawa da kan yaudari na'urar ta cika katin da hotunan rokar da ba ta motsa ba, ga hayaƙin busasshen makamashi mai ɗauke da asid yana cin fuskar gilashi. A watan Mayun 2018, a sansanin Vandenberg na Kalifoniya, tashin wata roka ya kunna wa ciyawa wuta, wutar ta cim ma kyamarar Bill Ingalls, mai ɗaukar hoto na hukumar NASA. Kyamarar ta ci gaba da ɗauka har ta narke, katin kuma ya tsira da hotunan harshen wutar yana matsowa.

Wanda ya ga irin wannan wahala zai ce ai don ƙawa ake yi, don bangon mujalla da fuskar waya. Ni ina ganin an juya lamarin ne. Asalin hoton roka shaida ce, kuma darajarsa har gobe tana ga abin da zai iya tabbatarwa ranar da abu ya ɓaci. Ƙawar daga baya ta biyo.

A ranar 24 ga Oktoban 1946, a White Sands da ke jihar New Mexico, aka ɗaura kyamarar fim a jikin rokar V-2, cikin waɗanda Amurka ta kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Rokar ta kai tsayin kusan kilomita 105, kyamarar tana ɗauka duk bayan sakan ɗaya da rabi, sannan komai ya faɗo ya ragargaje. Fim ɗin kaɗai ya tsira, don a cikin gwangwanin ƙarfe yake. Hotunan farko ke nan na duniya daga sararin samaniya, dishi-dishi, baƙi da fari. Shekaru 23 bayan haka, ranar 16 ga Yulin 1969, wata kyamara mai lamba E-8 tana gindin rokar Saturn V da ta ɗauki Apollo 11, tana ɗaukar hoto 500 a kowane sakan, ta yadda sakan 30 ke zama fiye da minti 8 in an kunna fim ɗin. A ciki ana ganin injinan F-1 guda biyar suna kamawa, gutsattsarin ƙanƙara suna zubowa daga jikin tanki, hannayen ƙarfen da suka riƙe rokar suna saki, baƙin hayaƙi ya yi wa wutar zobe kafin farinta ya bayyana. Ban san wani fim na tashin roka da ya fi wannan kyau ba, alhali wanda ya kafa kyamarar injiniyoyi yake yi wa aiki, so suke su ga ko kowane ƙarfe ya saki a lokacinsa.

Ranar da aka san amfanin wannan ɗabi'a ita ce 28 ga Janairun 1986. Kumbon Challenger ya tarwatse sakan 73 da tashi, mutum bakwai suka rasu, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Miliyoyin mutane sun gani a talabijin, amma abin da suka gani hayaƙi ne ya rabu biyu, bai gaya musu dalili ba. Da aka wanke finafinan kyamarorin dandamali aka bi su hoto bayan hoto, sai ga ɗan baƙin hayaƙi yana fita daga mahaɗar rokar taimako ta dama, tun ba a cika sakan ɗaya da kunna ta ba. Wajen sakan na 58 wuta ta ɓullo daga wannan wurin tana lasar babban tankin mai. Zoben robar da ke toshe mahaɗar ne sanyin safiyar ya sandarar, abin da wasu injiniyoyi suka yi gargaɗi a kai tun daren da ya gabaci harbawar aka ƙi ji. Da babu waɗannan hotuna, da maganarsu ta tsaya a cacar baki tsakanin na ƙasa da na sama.

Labarin Columbia ya fi ciwo, kuma shi ne ya kamata duk mai nazarin wannan fanni ya daɗe a kansa. An harba kumbon ranar 16 ga Janairun 2003. Washegari masu duba fim suka ga wani guntun soso, wanda ake lulluɓe tankin mai da shi, ya ɓalle kusan sakan 82 da tashi ya daki fiffiken hagu. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, amma ya yi karon ne da gudun da ya haura kilomita 800 a sa'a. Kyamarori biyu suka kama abin, dukkansu daga nisan kilomita masu yawa, ba kuma wadda ta nuna wurin da ya daka ƙarara. Ta uku, wadda da ta fi su nunawa, ba a saita nisanta daidai ba, hotonta ya fito a dagule. Injiniyoyi suka nemi a roƙi ma'aikatar tsaro ta juya na'urorinta na leƙen asiri su ɗauki kumbon yana falaki. Shugabannin shirin suka dakatar da buƙatar, a kan cewa soso ya saba faɗuwa ba a ga komai ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya wargaje a saman Texas yana dawowa, mutum bakwai suka sake tafiya. Kwamitin bincike ya ce da an gano ramin da wuri, aika kumbon Atlantis don ceto abu ne mai wuya amma mai yiwuwa. Kwana 16 suka yi a sama, kuma hoton da ake buƙata guda ɗaya ne, ba a ɗauka ba. Wannan yana ƙona mini rai duk lokacin da na tuna, domin kayan aikin suna nan, masu neman hoton suna nan, izini kawai aka hana.

Bayan haka aka sake tsari. Aka ƙara kyamarori a ƙasa da jikin tanki, aka sa jiragen sama masu tashi can ƙololuwa suna bin roka da ido. Sannan aka ƙirƙiro wani abu mai ban sha'awa: a lokacin, kafin kumbo ya haɗe da Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, sai ya tsaya kimanin mita 180 a ƙarƙashinta ya yi alkafura a hankali, ya nuna cikinsa, 'yan sama jannatin da ke tashar su ɗauke shi da dogayen gilasai na milimita 400 da 800. Eileen Collins ce ta fara yin haka da kumbon Discovery a Yulin 2005. A karon farkon nan hotunan suka nuna wasu ƙyallaye biyu sun leƙo daga tsakanin tayil ɗin da ke kare kumbo daga zafi, Stephen Robinson ya fita waje ya zare su da yatsunsa.

Tarayyar Sobiyet ta bi wata hanyar dabam, kuma ita ma darasi ce. Ɗan sama jannatinta Yuri Gagarin ya tashi ranar 12 ga Afrilun 1961, amma duniya ba ta ga cikakkiyar siffar rokar da ta ɗauke shi ba sai a baje kolin jiragen sama na Paris a 1967. Hatta sunan sansanin harbawar, Baikonur, aro ne daga wani gari mai nisa, don a ɓatar da sawun ainihin wurin, wato Tyuratam. An goge Grigory Nelyubov daga hoton 'yan sama jannatin farko bayan an kore shi. Rokar N1, wadda aka gina don zuwa wata, ta fashe a kan dandamalinta a Yulin 1969, hukuma ta ƙi amincewa da wanzuwar shirin har 1989, alhali taurarin leƙen asirin Amurka sun riga sun ɗauki hoton ƙonannen filin. Injiniyoyin Sobiyet ba su gaza kowa ba, su ma sun yi ta ɗaukar finafinansu. Sai dai hoton da aka kulle a akwatin hukuma ba ya iya tsayawa shaida a kan hukumar.

Ba ina raina hotunan ƙawa ba ne. John Glenn, wanda ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962, ya tafi da wata ƙaramar kyamara da aka sayo a kanti a Cocoa Beach, don a lokacin NASA ba ta ɗauki hoto da hannu a bakin komai ba. Cikin tashoshin da suka bi sawun tafiyarsa har da wadda NASA ta kafa a Kano, abin da 'yan Kano kaɗan ne suka sani yau. Hoton duniya tana ɓullowa daga bayan wata, wanda William Anders ya ɗauka ranar 24 ga Disamban 1968, ba ya cikin jadawalin aikin Apollo 8, tagar ce kawai ta juyo ya gani. Na Apollo 17 kuwa, na 7 ga Disamban 1972, Afirka ce ta cika fuskarsa, daga Sahara har kudu. Akwai kuma hoton dare da ake barin idon kyamara a buɗe na 'yan mintuna, roka ta zana lanƙwasasshen layin wuta a sama. Wannan yana koyar da abin da mutane da yawa ba su sani ba, cewa roka ba sama take nufa ba sai na ɗan lokaci. Kwanciya take yi ta nemi gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a ta gefe, don da shi ne take zama a falaki ba ta faɗo ba.

Abin da nake ƙi shi ne yadda salon ya fara maimaita kansa. Layin wuta iri ɗaya, bishiyar kwakwa a gaba, launi an ƙara masa gishiri a kwamfuta har wutar ta daina kama da wuta, wani lokaci a haɗa hotuna biyu ko uku a ba da su a matsayin ɗaya ba tare da an faɗa ba. Haɗawa ba laifi ba ne in an bayyana. Ɓoyewar ce ke cin amanar fannin, musamman yanzu da na'ura ke iya ƙirƙirar hoton rokar da ba a taɓa harbawa ba.

Shi ya sa nake girmama masu ɗauka daga ƙasa da kuɗin aljihunsu. Bafaranshe Thierry Legault ya shahara da kama tashar sararin samaniya tana gilmawa ta fuskar rana. Tashar tana sama da kusan kilomita 400, faɗinta ya kai mita 109, gilmawar ba ta cika sakan ɗaya ba, kuma ba a ganinta sai daga wani siririn zirin ƙasa mai faɗin 'yan kilomita. Dole ya yi lissafi, ya tuƙa mota zuwa wurin, ya sa matatar hasken rana a madubin hangen nesansa, ya danna a kan lokaci. A Mayun 2009 ya kama Atlantis da madubin hangen nesa na Hubble tare a fuskar rana. Ba wanda ya ba shi izini, ba kuma wanda zai iya hana shi. Tashar nan tana bi ta saman Kano da Damagaram kamar yadda take bi ta saman Faransa, bayan magariba ko kafin asuba, tana tafiya ba ƙyaftawa, kuma wayar da aka jingina da dutse aka bar idonta a buɗe na 'yan sakanni tana iya kama layinta.

Ga mai ɗauka a gindin roka lamarin ba haka yake ba, sai mai dandamali ya buɗe masa ƙofa. A da mai dandamalin gwamnati ce. A 2024 kamfani ɗaya, SpaceX, ya yi fiye da rabin harbawar da aka yi zuwa falaki a duniya baki ɗaya. Ranar 20 ga Afrilun 2023, da kamfanin ya fara gwada rokar Starship a Boca Chica, ƙarfin injinan ya haƙe simintin dandamalin, ya yi jifa da manyan ɓaraguzai har cikin teku, ƙura ta sauka a garin Port Isabel mai nisan kusan kilomita 10. Kyamarorin masu zaman kansu da aka kafa a kewayen wurin, waɗanda da dama suka farfashe, su suka nuna wa duniya girman ɓarnar tun a ranar, sannan masu zuwa da ƙafa suka ɗauko ramin da ya buɗe a ƙarƙashin dandamalin. Sun iya yin haka ne domin titin da ya bi ta gefen wurin zuwa bakin teku na jama'a ne. A Mayun 2025 mazauna yankin, galibinsu ma'aikatan kamfanin, suka kaɗa ƙuri'ar mai da shi gari mai hukumar kansa da sunan Starbase. Ina fatan masu wannan sana'a su sa ido a kan makomar titin nan fiye da yadda suke sa ido a kan sabon gilashin kyamara.