Ƙauye Daga Kan Keke: Hoton Da 'Yan Fim Suka Ƙi Ɗauka

Mai karatu, in kana bin finafinanmu, musamman masu dogon zangon nan na YouTube, ka san yadda ake buɗe sin ɗin ƙauye yanzu. Ɗan jirgin nan mai kyamara zai tashi sama, a nuno mana rufin kwano da shanu kamar tururuwa, sai a yanke a faɗo tsakar gida ana rigimar auren dole. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kayan aiki sun canza ba iyaka, amma ƙauye a yawancin finafinanmu bai wuce tsakar gida da ƙofar mai gari ba. Hanyar da ta haɗa gida da gona da kasuwa kuwa, ko oho.

Wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san asarar da ake yi. Babur ya yi yawa, gaskiya ne, amma har gobe akwai manomin da kekensa ne jakinsa. A kariya yake ɗaure buhun taki da damina, da kaka ya ɗauko masara ko auduga, wani ya jibgo raken Danja, wani ya yi sammakon kasuwar Bakori ko ta Dandume. Amma a fim me keke yake yi? A ɗora ɗan ƙauye a kai, ya faɗi, a yi dariya. Shi ke nan.

Alhali akwai abin ɗaukar wannan rayuwa, kuma bai cika tafin hannu ba. Ina nufin ƙananan kyamarori irin su GoPro, waɗanda ake ɗaurewa a kan keke, daidai wurin riƙewa. Wani Ba'amurke, Nick Woodman, ya kafa kamfanin a 2002, ya fitar da kyamararsa ta farko a 2004. A 2015 an ɗaura irinsu a kekunan 'yan gasar tseren nan ta Faransa, masu kallo suka ga gudu da cunkoso kamar su ne a kan sirdi. Kafin nan, a 2012, Lucien Castaing-Taylor da Véréna Paravel sun yi fim sukutum mai suna Leviathan a jirgin masunta a tekun Amurka, suka maƙala kyamarorin a jikin masunta da jirgin, babu mai ba da labari. Kana kallo kana jin nauyin aikin a jikinka.

To ka ƙiyasta haka a burtalin da ya ratsa gonakin dawa a bayan Kafur. Kyamarar sama kallon baƙo take yi wa ƙauye, ta kan keke kuwa kallon ɗan gari. Ita za ta nuna maka yashin da ke tilasta mutum ya sauka ya tura, da kwazazzabon da ruwan Agusta ya yanke, da ƙayar da ke jawo faci.

Sai dai kada wani darakta ya ɗauka sayen kyamara shi ne fim. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa, girgizar kai tsaye take hawowa hoto, kuma duk juyin da mahayi ya yi da kan keke, hoton ma sai ya juya. Minti biyar na haka ya isa ya sa mai kallo jiri. Daga 2016 GoPro ta fito da dabarar rage girgiza, amma gefen hoton take yankewa. Gilashinta mai faɗi ne, yana lanƙwasa bishiya da katanga. Iska kuma tana cinye sauti, don haka ƙarar ceni da ƙararrawa da numfashin mahayi sai an ɗauke su daban.

Babbar matsalar ita ce kyamarar gaba take kallo, ba ta ganin fuskar mai tuƙi. Labari kuwa a fuska yake. Dubi Bicycle Thieves na Vittorio De Sica, fim ɗin Italiya na 1948. Matar talaka ta jinginar da zannuwan gadonsu don a fanso keken da zai yi aikin liƙa fasta, ranar farko aka sace. Ya karaɗe birnin Rum da ɗansa yana nema, ƙarshe shi ma ya kai hannu kan keken wani, aka kama shi a gaban yaron. Ba hanya ce ke sa mutum hawaye ba, idon yaron ne. Saboda haka hoton kan keke gishiri ne a miya: daƙiƙa ashirin na hanya, sai a dawo kan mutum.

Akwai kuma amana. Wannan yanki ya sha wuyar 'yan bindiga, ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamba 2020 ba. Kyamarar da ke ɗaukar duk abin da ta wuce za ta ɗauki mashigar gari da garken mutane da fuskar matan aure. A nemi izinin mai gari da na mutanen, a yanke abin da zai jawo wa wani masifa kafin a saki.

Furodusoshi da marubuta, labarin manomi da kekensa yana nan bai samu mai ɗauka ba. A sauko daga sama a hau sirdi. Allah ya sa a ji.