Duwatsun Teton Kafin Hayaƙi Ya Rufe Su

A 1942 Ansel Adams ya kafa kyamararsa a kan wani tudu a jihar Wyoming ta Amurka, ya ɗauki hoton da ya sa wa suna "The Tetons and the Snake River". Baƙi da fari ake ce masa, amma ruwan toka ne ya cika shi, hawa-hawa, kuma nan gwanintar take.

Kogin Snake na sheƙi, ya yi lanƙwasa, yana jan ido daga duhun itatuwan gaba har gindin duwatsu. Can sama hadari ya haɗo, haske ya keto ya sauka kan ƙanƙarar da ke jikin Grand Teton mai tsayin mita 4,199. Ko a inuwar daji bai bar duhu ya cinye komai ba. Wannan aikin tsarin auna haske ne da shi da Fred Archer suka tsara, mai matakai 11 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Ba banza ba aka sa hoton cikin waɗanda kumbon Voyager ya tafi da su sararin samaniya a 1977.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsabtar iskar. Masu ɗaukar hoto da ke zuwa wurin a watan Agusta yanzu sukan tarar da hayaƙin gobarar daji ya taso daga Idaho ko Kalifoniya, ya dusashe duwatsun kamar yadda hazon hunturu ke ɓoye Dutsen Dala. Hotunansu na baƙi da fari kan yi kyau, tsaunuka jere suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai dai jan sararin da ke nuna haɗari ba ya fitowa, balle tarin da hayaƙin ke sa mutane.

Ina da ƙorafi ɗaya. Babu ko alamar mutum a hoton, alhali 'yan ƙabilar Shoshone sun daɗe suna farauta a kwarin. Hannun mutum ma yana wurin ko da hoton bai nuna ba: a zamanin hukumar gandun daji tana ƙoƙarin kashe duk wutar da ta tashi, amma daga baya gobarar 1988 ta ci sama da kashi ɗaya cikin uku na gandun dajin Yellowstone da ke makwabtaka.

Duk da haka, ban ga hoton tsauni da ya kai wannan ba. Wanda zai nema a intanet, ya buɗe shi a babban allo, don waya na danne rabin aikin.